Gwanayen Tayar da Matacciyar Kwamfuta

Kwamfuta tana shan wuya a Duwala. Laimar da ke tasowa daga kogin Wuri tana cin ƙarfe, wuta ta ɗauke ta dawo ba sallama, sannan da yawa daga na'urorin da ke shagunan buga takardu na New Bell da Cité des Palmiers 'yan gwanjo ne, sun ci zamaninsu a ƙasashen waje kafin su sauka a tashar jiragen ruwa. Don haka mutuwar rumbun ajiya ba baƙon abu ba ce. Abin jinjinawa shi ne mai gyaran da za a kai wa kwamfuta da hantsi ba ta ko motsi, kafin la'asar ta koma bakin aiki da komai nata.

Sirrinsa shiri ne tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun na'urar tana da lafiya yake ɗaukar hoton rumbunta ɗungurungum: Windows, manhajoji, saitin firinta, takardun mai shago. Sai dai hoton kaɗai ba ya tashi da kansa, kuma kwamfutar da ta mutu ba ta da abin karanta shi. Nan gwaninta take. Yakan haɗa hoton da wani ɗan ƙaramin tsarin Linux mai iya kunna na'ura, ya ɗaure su cikin fayil guda na ISO, ya zuba a faifai ko filashi.

Hanyar tana da tarihi. A 1988 aka kafa ƙa'idar ISO 9660 ta tsara bayanai a faifan CD, a 1995 kuma kamfanonin Phoenix da IBM suka fitar da ƙa'idar El Torito, wadda ta ba kwamfuta damar tashi daga faifai. Tsofaffin masu gyara sun san manhajar ɗaukar hoton rumbu ta Norton Ghost. Yau akwai Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Taiwan, kyauta ga kowa. Wuraren da ke ɗauke da bayanai kawai take kwafa, ta matse su, kuma tana da zaɓin da ke mayar da hoton faifan ceto kai tsaye.

Ka tsaya kusa da shi ka gani. Ya sa sabon rumbu, ya cusa filashi, yana danna F12 in Dell ce, F9 in HP ce. Da manhajar ta nuna inda za ta zuba hoton, sai ya janye hannu daga madannai, ya kai yatsa jikin allo, ya karanta sunan rumbun da girmansa harafi-harafi. Sau biyu take tambayarsa ko ya tabbata, sau biyu yake sake dubawa, domin kuskure ɗaya a nan yana shafe aikin shekaru.

Ya san kuma inda tarko yake. Faifan DVD na yau da kullum ba ya wuce gigabait 4.7. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4. Sabon rumbu dole ya kai tsohon girma ko ya fi shi. Tsohuwar na'ura mai BIOS da sabuwa mai UEFI ba hanya ɗaya suke tashi ba. Saboda haka ba ya cewa ya gama sai ya kunna faifan ya gwada shi da idonsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon amana. Cikin hoton nan akwai lissafin ɗan kasuwa, takardun fili, hotunan iyali. Mai gyara na ƙwarai yana kulle shi da kalmar sirri, ya damƙa wa mai shi, ya ce masa ya adana kwafi a wani gida daban. Duk mai shagon da ya samu irin wannan, ya riƙe shi da kyau, ya kuma biya shi haƙƙinsa tun kwamfutar tana da rai.