Barci ƙanen mutuwa ne, a ba mu mai makari

Bara na raka kawuna daga Mubi zuwa Yola, muka ratsa Hong da Gombi da Song, don a zura masa kyamara a duba cikinsa. Shekara uku yana fama da abin da kowa a gida ke kira olsa, ya sha farin maganin nan kwalba-kwalba har ya gaji. Mutum ne da ke riƙe ƙahon bijimi a kasuwar shanu ko gezau, amma da ya hango baƙin tiyon nan mai kaurin ɗan yatsa a rataye, sai ya damƙe hannuna.

"Ɗana, ka ce su yi mini allurar barci, kada in san abin da ake ciki."

Likitan ya ce, "Baba, barci akwai shi. Tashin ne nake so in tabbatar."

Maganar nan ta zauna mini, domin ita ce gardamar da masu binciken wannan fanni ke yi yau. A Amurka yayi ya karkata ga barci mai nauyi da propofol, farar allura kamar madara. Nan take take kwantar da mutum, ya farka garau. Aibinta ɗaya: ba ta da makari. In ta ɗan zarce, numfashi ya tsaya, jini ya sauka, sai dai a yi ta hura wa mutum iska har ta sake shi. Ita ce ajalin Michael Jackson a 2009. A 2014 numfashin 'yar barkwanci Joan Rivers ya tsaya ana duba mata maƙogwaro da kyamara a New York, ta rasu bayan mako guda.

To, in haka ta faru inda kayan aiki suke birjik, ina ga mu? Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce a samu aƙalla likitoci 5 ga kowane mutum 100,000. Nijeriya ko ɗaya ba ta cika ba, waɗanda ake da su kuma suna manyan birane. A garuruwa irin namu aikin yana wuyan nas-nas, ga ɗaukewar wuta, ga tukunyar oksijin da ba kullum take cike ba. Shi ya sa in na ji ana tallar "ba za ka ji komai ba", gabana yake faɗuwa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ba cewa nake a danne mutum ana tura masa tiyo yana kakarin amai ba. Wanda ya sha wannan wuya zai ba da labari a majalisa, mutum goma su fasa zuwa, wani cikinsu kuwa daji ne ke cin sa, ba olsa ba. Tsoro ma cuta ne, dole a yi masa magani.

Binciken da ya dace da mu iri biyu ne. Na farko remimazolam, da Japan da Amurka suka amince da shi a 2020. Ɗan'uwan midazolam ne da asibitocinmu suka sani, sai dai ya fi saurin barin jiki, kuma in ya yi yawa ana karya shi da allurar flumazenil. Tsadarsa ce za ta zame mana ƙaya. Na biyu siririn tiyo da ake bi da shi ta hanci, wanda ya karɓu sosai a Japan. Ba ya tayar da amai kamar na baki, mutum yana farke, har yana iya magana da likita. Wanda zai hau mota ya koma Mubi ranar ya san darajar wannan.

Saura namu. Jami'o'in Yola da Maiduguri su auna mana abin da Bature ba zai auna ba: nawa ya ishi dattijo mai ƙarancin jini, nawa ya ishi saurayin da jikinsa ya saba da tiramol, wanda kuma ba zai faɗa ba sai an lallashe shi. Kafin nan, duk wanda za a sa barci ya tambaya: wa zai tsaya a kaina, akwai oksijin, akwai ɗan maƙalen nan na yatsa mai auna iskar jini?

Kawu dai feshi aka yi masa a maƙogwaro, ya ciji 'yar roba, aka ba shi allura kaɗan ta gyangyaɗi. In an kira sunansa yana amsawa. Minti goma ba ta cika ba aka zare tiyon. Can ya buɗe ido, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wai yaushe za su fara?"