Wa Ya Kwashe Rumbun Malawi? Sharhi Kan Fim Ɗin The Boy Who Harnessed the Wind

A watan Maris na 2019 Netflix ya saki wannan fim, wanda Chiwetel Ejiofor ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin uba. Labarin gaske ne na William Kamkwamba, ɗan ƙauyen Wimbe a gundumar Kasungu ta ƙasar Malawi. An kore shi daga sakandare saboda rashin kuɗin makaranta lokacin yunwar 2001 zuwa 2002, ya koma ɗakin karatu, ya haɗa tarkacen bola da keken mahaifinsa ya ƙera injin da ke samar da lantarki daga iska.

Fim ɗin ya cancanci yabo. An bar mutanen ƙauye suna magana da harshensu na Chichewa. An nuna yunwa yadda take zuwa, sannu a hankali: ruwa ya yi yawa ya lalata masara, fari ya biyo baya, manoma sun sayar wa kamfanin taba itatuwansu, gida ya koma cin abinci sau ɗaya a rana. Duk wanda ya san yadda damina ke cin amanar manomi zai gane fuskokin nan.

Inda muke da ja shi ne ƙarshen labarin. A fim, injin William ya tayar da famfo, ruwa ya kwarara gona, aka yi noman rani, ƙauye ya tsira. A zahiri injinsa na farko fitilu da rediyo ya kunna a gidansu. Famfon ruwa ya zo ne daga baya, bayan ya yi jawabi a taron TED a Arusha ta Tanzaniya a 2007, masu hannu da shuni suka tallafa masa. Wato ko wannan haziƙin yaro sai da kuɗi suka shigo kafin ruwa ya kai gona. Da aka sauya wannan, sai mai kallo ya tashi da tunanin cewa basirar mutum ɗaya ta isa ta kori yunwa.

Tambayar da ta fi nauyi kuwa fim ɗin bai ba ta haƙƙinta ba: me ya sa rumbun gwamnati ya kasance wayam? Kafin yunwar, Malawi na da ajiyar masara sama da tan 160,000. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ba da shawarar a rage ta zuwa kimanin tan 60,000 domin a biya bashi. A ƙarƙashin gwamnatin Bakili Muluzi aka sayar da kusan duka. Rashin kyan damina ya kashe amfanin gona, amma bashi da rashin amana ne suka bar mutane ba madogara.

Matsalar kuma ba ta tsaya a 2002 ba. Malawi ta sayi inshorar fari daga hukumar African Risk Capacity ta Tarayyar Afirka. Fari ya auku, gwamnati ta ayyana bala'i a Afrilun 2016, amma lissafin kwamfutar hukumar ya nuna ba a kai matakin biya ba. Dala miliyan 8.1 ba ta iso ba sai Janairun 2017. Mai jin yunwa ba ya jiran wata tara.

Muna ba da shawarar a kalli fim ɗin, musamman tare da yara 'yan makaranta. Marubutanmu masu son ɗaukar jigon fari ko ambaliya kuma su lura: bayan manomi da gonarsa, labarin na buƙatar mai riƙe da makullin rumbu, da mai bin bashi, da wanda ya sa hannu aka sayar da hatsin.