Jinjina ga Sakatarorin Ƙungiyoyin Manoman Shinkafa

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, manoman fadamar Rima suka ƙara rungumar aikin ƙungiya. Ƙungiya kuwa ba ta tafiya sai da sakataren da ke kula da zaurenta na WhatsApp.

Shi ke ɗaukar hoton takardar sunaye ya tura, ya sanar da ranar rabon taki, ya bi wanda wayarsa ta mutu har gida. Abin da ya fi burge ni shi ne saƙon murya. Dattijon da bai yi boko ba, yana bakin injin ban-ruwa a Argungu, zai ji hasashen damina na hukumar yanayi ta NiMet cikin Hausarsa, ya mayar da amsa. Sau da yawa daga aljihunsa sakataren ke sayen data, kuma da dare yake wannan hidima, bayan ya dawo daga gona a gajiye.

Wanda ambaliyar 2020 ta cinye wa shinkafa ya san amfanin samun labari da wuri. Manoman Kabi, ku riƙa tallafa wa waɗannan bayin Allah da kuɗin data, domin sun cancanta.