Maki da Iri: Yadda Ake Tantance Tsofaffin Tsabar Kuɗi

Tsabar kuɗi biyu kan fito daga gidan bugu ɗaya, a shekara ɗaya, da nauyi ɗaya, amma a kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi farashin ɗaya ya ninka na ɗayar sau ɗari ko fiye. Abu biyu ke jawo wannan tazara. Na farko shi ne lafiyar tsabar, wato ko ta sha hannu ta sude, ko tana nan da sheƙinta kamar yau aka bugo ta. Na biyu shi ne hatimin ƙarfen da aka buga ta da shi, domin hatimai ba su zama ɗaya sak ba. A kan waɗannan abubuwa biyu wata sana'a ta kafu a Amurka: mai tsaba ya aika da ita kamfani, ya biya ladan aiki, masana su duba ta, su ba ta maki, su faɗi irinta, sannan su rufe ta cikin kwanson roba mai lamba.

Ma'aunin da ake aiki da shi ya samo asali daga Dakta William Sheldon, wanda a 1949 ya wallafa littafi kan manyan kwabban jan ƙarfe na farkon tarihin Amurka, na 1793 zuwa 1814. Ya jera matakai daga 1 zuwa 70, bisa lissafin cewa kwabon da babu aibi ko kaɗan a jikinsa ya kamata ya ninka sudadde, wanda da ƙyar ake gane shi, sau saba'in a farashi. Kasuwa ta daɗe da rushe wannan lissafi, amma lambobin sun zauna daram, har aka shimfiɗa su kan azurfa da zinariya da kuɗin kowace ƙasa. Daga 1 zuwa 45 matakan tsabar da ta zaga hannun jama'a ne. Daga 50 zuwa 58, masu harafin AU, su ne waɗanda gugar hannu ta ɗan taɓa wurarensu masu tudu kawai. Daga 60 zuwa 70, masu harafin MS, su ne waɗanda ba su taɓa shiga ciniki ba.

Kafin kamfanoni su shigo, dillali ne ke yanke wa hajarsa maki, kuma ba a rasa korafin cewa tsaba ɗaya tana da ƙaramin maki ranar da dillali zai saye ta, babba kuma ranar da zai sayar. Ga jabu ya yi yawa. Ƙungiyar masu nazarin kuɗi ta Amurka, ANA, wadda aka kafa a 1891, ta buɗe sashen ANACS a 1972 domin rarrabe na gaske da na jabu, ta kuma fara ba da maki a 1979, tare da takardar shaida mai hoto. Raunin takarda shi ne ana iya raba ta da tsabarta a haɗa ta da wata. PCGS, wanda David Hall da wasu dillalai suka kafa a Kalifoniya a 1986, ya toshe wannan ƙofa da kwanson da ake liƙewa, wanda ba ya buɗuwa sai an fasa shi. NGC ya biyo baya a 1987, kuma yanzu mazauninsa Sarasota ne a jihar Fulorida. Da zuwan kwanso sai ya zama mutum na iya sayen tsabar da bai taɓa gani ba, ta waya, bisa amincewa da lambar da ke rubuce.

Hanyar aikawa ba ta da wuya, sai dai tana son natsuwa. Mai tsaba yakan yi rajista da kamfanin ko ya bi ta hannun dillalin da kamfanin ya yarda da shi. Zai cike fom, ya rubuta ƙasa da shekara da alamar gidan bugu, ya ƙiyasta darajar kowace tsaba, domin wannan ƙiyasi ne ke nuna ajin kuɗin aikin da kuma inshorar da za a ɗora. Kowace tsaba ana sa ta ita kaɗai a 'yar jakar roba mai tauri, ba mai laushin nan da ke tsatso koren danƙo a jikin ƙarfe ba. A gefe ake riƙe ta, yatsa ba ya taɓa fuskarta. Babbar doka kuwa ita ce kada a wanke. Wanda bai san harkar ba yakan ga baƙin da shekaru suka ɗora wa azurfa ya ɗauko toka ko man goge ƙarfe, da nufin gyara, alhali ya kankare fatar da bugun hatimi ya bar mata, kuma wannan fata ba ta dawowa.

A ɗakin tantancewa ba a nuna wa masu dubawa sunan mai kaya. Mutum yakan zauna ƙarƙashin fitila ɗaya mai ƙarfi, ya riƙe tsabar a gefe, ya dinga karkata ta yana juyawa. Idan fatarta ta asali tana nan, hasken zai yi ta zagaye fuskar kamar ƙafar keke na juyawa. Idan an taɓa goge ta, hasken zai kwanta fayau, siraran layuka kamar gashi su bayyana duk sun fuskanci gefe ɗaya. Daga nan zai duba tabban da ta samu wajen gogayya da 'yan uwanta a buhun banki, da ƙarfin bugun, da kyan gani gaba ɗaya. Fiye da mutum ɗaya ke dubawa, kowa ya shigar da makinsa, babba a cikinsu ya yanke na ƙarshe. Tsabar da aka wanke, ko aka huda, ko aka yi wa gyara, takan samu shaidar cewa ta gaske ce tare da bayanin aibinta, amma ba a ba ta lamba.

A nan ne babban raunin tsarin yake. Lamba tana sa mai saye ya ɗauka an auna abin ne kamar yadda ake ɗora zinariya a sikeli, alhali ra'ayin ƙwararru ne aka rubuta da alƙaluma. Tsakanin MS-64 da MS-65 wani lokaci ɗan tabo ne guda a kumatun hoton, amma kuɗin kan ninka. Shi ya sa wasu suka mayar da fasa kwanso sana'a: su sayi tsabar da suke ganin an tauye ta, su fasa, su sake aikawa, har ta dace da ƙarin maki. Kowace aikawa kuma tana shiga ƙidayar da kamfani ke wallafawa, sai tsaba ɗaya ta zama kamar uku ko huɗu a lissafi. Masu harkar sun daɗe suna kuka cewa ma'aunin na sassautawa da shekaru. Kafa CAC da John Albanese ya yi a 2007, domin ya duba tsabar da aka riga aka rufe ya manna mata koren tambari idan ta cika makinta, shaida ce cewa kasuwar kanta ta san lambar ba ta wadatar ba. Duk da haka zalunci ne a raina abin da kwanso ya kawo. Senti goma na azurfa na 1916 mai harafin D, wanda 264,000 kacal aka buga a Denver, an sha ƙirƙiro shi ta hanyar liƙa wa na Filadelfiya ɗan harafin, kuma sabon shiga ba shi da abin da zai kare shi daga wannan sai idon gwani da lamunin da manyan kamfanoni ke bayarwa na biyan diyya in suka rufe jabu.

Tantance iri aiki ne na daban, kuma ya fi maki tsayawa kan hujja. Hatimi ɗaya yakan buga dubban tsaba, kuma duk wata alama da ke jikinsa, tsaga ce ko kuskuren sassaƙa, tana fitowa a kan kowace ɗaya a wuri guda. Da haka ake bambanta iri da kuskuren bugu, wanda ke faɗa wa tsaba guda kawai, kamar wadda ta zame gefe lokacin da inji ya sauko. Kwabon Lincoln na 1955 shi ne misalin da kowa ke kawowa. Wajen ƙera hatiminsa an danna masa zanen sau biyu ba a kan layi ɗaya ba, sai shekarar da rubutun suka fito biyu-biyu, ido ma na gani ba tare da gilashi ba. Kimanin 20,000 zuwa 24,000 suka fita cikin jama'a. Akwai kuma tsabar senti biyar ta 1937 daga Denver, inda aka wuce gona da iri wajen goge hatimin har ƙafar gaba ta ɓaunar da ke jikinta ta ɓace, ta koma mai ƙafa uku. Sabon shiga yakan rikita irin na 1955 da inuwar da inji ke yi wa haruffa idan hatimi ya yi rawa a wajen bugu. Wannan inuwar a kwance take kamar matakala, tana rage kaurin harafi, kuma ba ta ƙara wa tsaba ko sisi.

Kowane jerin kuɗi da littafinsa da lambobinsa: na Sheldon ga manyan kwabbai, na Al Overton ga tsofaffin rabin dala, na VAM ga dalolin Morgan da Peace, daga sunayen Leroy Van Allen da George Mallis, sai lambobin FS na Bill Fivaz da J. T. Stanton. Galibi kamfani ba ya binciken iri sai an nema a fom an biya ƙarin kuɗi, kuma ba ya rubuta kowane iri sai wanda ke cikin jerin da ya amince da shi. Ma'anar wannan ita ce mai tsaba ne ya kamata ya fara gano abin da ke hannunsa. Ilimin kuwa ba kamfanoni suka tara shi ba, masu sha'awa ne da suka ƙarar da shekaru da gilashin ƙara girma suna gwada hatimi da hatimi, kuma a wannan fanni har yau su ke gaba.

Kuɗin da aka kashe a ƙasar Hausa ma suna shiga wannan awo. Anini mai huda a tsakiya, mai tauraro da rubutun Larabci, ya fara fitowa a 1907 da ƙarfen alminiyo kafin a koma farin ƙarfe. Kwabo da ɗari da sule na Afirka ta Yamma ta Ingila wasu na ɗauke da ɗan harafin H na kamfanin Heaton a Birmingham, wasu KN na King's Norton, kuma wannan harafi kan raba na gama-gari da mai wuyar samu. Akwai na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki kafin a fitar da kuɗi da sunansa a Ingila kanta. Sai dai an buga su da yawa, don haka kuɗin aikawa da inshora da dawowa na iya fin darajar tsabar, lissafin da ya wajaba a yi tun kafin a ɗaure kunshi.

Dalar azurfa ta Mariya Tariza, wadda fatake suka yi ciniki da ita daga Bahar Maliya zuwa Borno da Kano, ita ta fi nuna amfanin tantance iri. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga dalar da wannan shekara a Biyana, daga baya har a Roma da Faris da Landan da Bombay. Shekarar ba ta faɗin komai game da lokacin bugu. Sai an duba siffar gicciyen da ke bayan lambar shekara, da ƙwayoyin lu'ulu'un da ke kan kambi da maɓallin kafaɗa, da gashin jelar gaggafa, a gwada da jerin Walter Hafner, kafin a san inda ta fito. Da yawa daga waɗanda suka rage a hannun iyalai an huda su ko an liƙa musu kunne domin abin wuya, wasu kuma an goge su shekara da shekaru. Irin waɗannan ba za su samu lambar maki ba, amma ana iya tabbatar da azurfarsu da gidan da ya buga su matuƙar zanen bai gama sudewa ba.