Suga Nawa Ne Daidai? Nazari a kan Awon Jinin Mai Ciwon Suga

Da asuba, kafin a karya kumallo, mai ciwon suga yakan goge yatsa, ya huda gefensa da 'yar allura, ya ɗiga jini a kan tsinken gwaji. Kafin ya gama tofa addu'a, lamba ta fito: 142. Sai ya tsura mata ido. Murna zai yi ko fargaba? Wannan tambaya ta ɗauki masu bincike shekaru masu yawa, kuma amsar da suka fara bayarwa ba ita ce ta tsaya ba.

A 1993 aka fitar da sakamakon binciken DCCT, wanda aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon suga na ɗaya. Waɗanda aka matsa wa da awo sau da yawa a yini da allurar insulin daidai da awon, haɗarin fara lalacewar idonsu ya ragu da kashi 76 cikin ɗari. A 1998 binciken UKPDS na Birtaniya ya nuna irin wannan amfani ga masu nau'i na biyu, musamman a ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda. Daga nan likitoci suka kama hanya ɗaya: a dinga saukar da suga. Amma tun a DCCT akwai abin da aka yi wa kallon gefen ido. Faɗuwar suga mai tsanani, irin mai sa zufa da rawar jiki har suma, ta ninka kusan sau uku a wajen waɗanda aka matsa wa.

Sai 2008 ta zo da binciken ACCORD. An ɗauki mutum 10,251, galibinsu dattawa da suka daɗe da ciwon, masu ciwon zuciya ko haɗarin kamuwa da shi. Aka ce wa rabinsu a kai gwajin matsakaicin suga na HbA1c ƙasa da kashi 6, wato kusa da na mai lafiya. Ba a kai ƙarshen wa'adi ba aka dakatar da wannan ɓangare, domin an rasa mutum 257 a cikinsu, a ɗaya rukunin kuwa 203. An je neman ƙiba an samo rama. A ganina nan ne fagen ya girma: aka daina neman lamba guda ga kowa. Yau ana sa wa yawancin manya ƙasa da kashi 7, a sassauta wa tsoho mai tarin cututtuka zuwa wajen 8.

Shi kansa HbA1c ɗin da ake rantsuwa da shi yana da aibi, kuma aibin ya shafe mu kai tsaye. Yana auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, masu rayuwar kusan kwana 120, don haka yake ba da labarin wata biyu zuwa uku. To mai sikila fa, wanda ƙwayoyinsa ke mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20? Lambarsa za ta fito ƙasa, ta yi masa ƙarya. Ko mai AS, wasu na'urorin ɗakin gwaji sukan kuskure nasa, ga kuma ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro ke bari. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai kuma na'urar da ake mannawa a dantse, irin su FreeStyle Libre, mai awo dare da rana na kwana 14. Da ita aka fito da sabon ma'auni a 2019: suga ya zauna tsakanin 70 da 180 sama da kashi 70 na yini. Na'ura ce mai kyau, sai dai wanda ke ƙirga tsinken gwaji ɗaya-ɗaya saboda tsada, labarinta kawai yake ji.

Saboda haka, mai karatu, in kana da wannan ciwo, ka faɗa wa likita nau'in jininka kafin ya karanta maka HbA1c, ka kuma tambaye shi lambar da ta dace da kai. In azumi ya zo ka gwada ka ga ƙasa da 70, ka karya azumin nan take, ka rama daga baya.