Dodon U-28: labarin da ya danne mutum 104

Idan kana bibiyar bidiyoyin "abubuwan al'ajabi" a waya, ba mamaki ka ci karo da wannan. Wai ranar 30 ga Yulin 1915 jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Jamus, U-28, ya nutsar da jirgin Iberian a kudancin Ayilan, sai wata fashewa ta cillo wani kada mai tsawon mita 20 sama. Labarin akwai daɗi, amma ba shi da tushe.

Kwamandan jirgin, von Forstner, bai faɗi wannan zance ba sai a 1933, shekarar da jaridun Turai suka cika da batun dodon tafkin Loch Ness. Shekara 18 yana shiru, kuma babu dodon a kundin aikin jirgin. Sannan ka tambayi masunta a Zurmi ko Shinkafi me ya sa kada ke kwanciya a rairayi da hantsi. Jikinsa ba ya samar da ɗumi, rana yake nema. To me zai kai shi ruwan Ayilan mai sanyi? Ko kadan da ya fi kowane girma a yau, da kyar yake wuce mita 6.

Abin haushin shi ne masu bidiyon suna tsallake aikin da U-28 ya yi da gaske, wanda kuma ya shafe mu. Ranar 28 ga Maris na 1915 ya tare Falaba, jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster da ya taso daga Liverpool zuwa Afirka ta Yamma. Ya ba da 'yan mintoci a fita, ya harba nakiya tun ba a gama sauke kwale-kwalen ceto ba. Mutum 104 suka mutu.

Kada ka ce teku ta yi mana nisa. A wancan lokacin jiragen wannan kamfani ne ke jigila tsakanin Legas da Ingila, hanyar da gyaɗa da fatun Arewa ke bi. Da dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, cikin wannan cinikin ya jefa garin.

Shi ma U-28 bai ga ƙarshen yaƙin ba. A Satumbar 1917 ya nutse a tekun arewacin Norway da kowa na cikinsa. Forstner ba ya ciki, ya riga ya bar jirgin.