Kalmomin Koriya a wasan taikwando: abin yabo da abin gyara

Tun shekarar 2016 sunan wani wasa ya shiga kunnen jama'ar Nijar, har a ƙauye. Sunansa taikwando. A wannan shekara ne Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo lambar azurfa a wasannin Olampik na birnin Riyo, ƙasar Birazil. Kafin shi, lamba ɗaya tak Nijar ta taɓa samu a waɗannan wasanni, ta tagulla, wadda Isaka Dabore ya samo a damben Turawa a birnin Munik a 1972. A 2017 kuma Alfaga ya zama zakaran duniya a garin Muju, cikin Koriya ta Kudu, watau a gidan masu abin.

Taikwando wasan Koriya ne, kuma da bakin Koriya a ke koyar da shi ko'ina a duniya. Ana ba ɗalibi jerin kalmomi ya hardace, a kuma tambaye shi ranar jarrabawar ɗamara. Wataƙila ɗanka da ke lakwal a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ya zo hutu ka ji yana ta faɗin "hana, dul, set" a bayan ɗaki. Wannan jerin kalmomi mu ke so mu auna yau. Mu duba inda ya yi kyau, mu duba inda ya gaza.

Abin yabo: kalmomin a tsare su ke

Mu fara da sunan wasan. Kalmomi uku ne aka haɗa. "Te" shi ne shuri ko takawa da ƙafa. "Kwon" shi ne dunƙulen hannu. "Do" ita ce hanya. Watau hanyar ƙafa da dunƙule.

Sunayen dabarun kuwa an gina su kamar yadda magini ke jera tubali. Akwai kalmomin aiki guda biyar da kusan kome ke tsaye a kansu:

cagi: shuri
jirugi: naushi
cigi: bugu
makki: tarewa
sogi: tsayuwa

Dukansu da "gi" ko "ki" su ke ƙarewa. Wannan wutsiya ita ke maida aiki ya zama suna, kamar yadda mu ke cewa "tare" ya zama "tarewa".

Sai kalmomin da ke nuna wuri. "Ap" gaba. "Yop" gefe. "Dwi" baya. "Dolyo" kewayowa. "Neryo" saukowa daga sama. Jikin mutum kuma an kasa shi uku: "are" daga cibiya zuwa ƙasa, "momtong" gangar jiki, "olgul" fuska.

To, ka haɗa da kanka. Ap cagi: shurin gaba. Yop cagi: shurin gefe. Dwi cagi: shurin baya. Neryo cagi: a ɗaga ƙafa sama a sauko da ita kamar gatari. Are makki: tare ƙasa. Olgul makki: tare fuska. Momtong jirugi: naushin ƙirji. Ka ga wanda ya riƙe kalmomi goma sha uku zai iya warware sunaye masu yawa da bai taɓa ji ba. Daidai ya ke da ajin yaƙi da jahilci: in ka san ba, bi, bo, da ka, ki, ko, sai ka karanta "baki" da "boko" ba mai gaya maka.

Wasu sunayen kuma zane ne da baki. "Son" hannu, "nal" kaifin wuƙa: "sonnal" shi ne kaifin hannu. "Bom sogi" tsayuwar damisa. "Hakdari sogi" tsayuwa da ƙafa ɗaya, irin ta wani dogon tsuntsu mai kama da zalɓe. Wannan ba baƙo ba ne gare mu. Ɗan dambe yana kiran hannun da ya naɗe mashi, ɗayan kuma garkuwa. Mai wasa ko'ina ya ke, da abin da idonsa ke gani ya ke raɗa wa dabara suna.

Har ƙidayarsu tana da kama da tamu. Mu daga ɗaya zuwa goma Hausa ce, amma ashirin da talatin da arba'in aron Larabci ne. Su ma ƙidaya biyu gare su. Tasu ta gado ita ce: hana, dul, set, net, dasot, yosot, ilgop, yodol, ahop, yol. Da ita a ke ƙirga motsi. Ta biyu aro ce daga Sin: il, i, sam, sa, o, yuk, cil, pal, ku, ship. Da ita a ke lissafa daraja da jerin darasi. Shi ya sa darussa takwas na farko, masu suna Teguk, su ke tashi daga "il jang" su tsaya ga "pal jang".

Gyara na farko: ana hardacewa ba a san ma'ana ba

Duk wannan kyakkyawan tsari banza ne in ba a nuna wa ɗalibi shi ba. Jerin da a ke rabawa yakan zo layi biyu: Koriyanci a hagu, Faransanci ko Ingilishi a dama. Ba a rarraba kalma a ce ga kai, ga wutsiya. Sai yaro ya haɗiye "dolyo cagi" gaba ɗaya kamar ƙwayar magani. In bai je lakwal ba, nauyinsa ya zama biyu: baƙon harshe ana fassara masa da wani baƙon harshe. Aku ma yana maimaita magana, amma ba a aikensa kasuwa.

Abin ba na wasa ba ne, domin wasu kalmomin tsaron lafiya ne. Alƙalin wasa da Koriyanci ya ke magana. Yana kiran "cong", mai shuɗin sulke, da "hong", mai ja. Ya ce "caryot", a tsaya cik. "Kyongne", a gaisa. "Jumbi", a shirya. "Shijak", a fara. "Kalyo", a rabu. "Kyesok", a ci gaba. "Kuman", a tsaya, an gama. Wanda ya tsaya tunanin ma'anar "kalyo" sa'ad da abokin karawarsa ya sauke hannu, zai iya ji masa ciwo. Naushin fuska kuma haramun ne a gasar Olampik. Wanda ya yi shi sai alƙali ya ce "kamjom", a ƙara wa abokin karawarsa maki ɗaya. Ashe bambancin "olgul" da "momtong" yana iya zama bambancin ci da kaye.

Akwai kuma iyaye. Uba ya ji ɗansa yana ihu da kalmomin da ba Larabci ba, ba Faransanci ba, ya tambaye shi ma'ana, yaro ya ce bai sani ba. Ba laifin uban ba ne in ya yi zaton surkulle ne. Alhali ihun nan, wanda a ke kira "kihap", tattara numfashi da ƙarfi ne wuri ɗaya, kamar nishin mai faskare. "Kyongne" kuwa gaisuwar ban girma ce da sunkuyar da kai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, sai ya tambayi malamai. Amma yaya za ka kai tambaya kan abin da ba ka san sunansa ba? Rashin sani ya fi dare duhu.

Gyara na biyu: rubutun ya ɓata lafazi

Koriyawa suna da nasu baƙaƙe, sunansu Hangul. Kalmomin da ke zuwa mana an juyo su ne cikin baƙaƙen boko bisa karatun Ingilishi. Ana rubuta shuri haka: chagi. Wanda ya yi karatun Faransanci sai ya karanta "shaji". Bakoriye kuwa "cagi" ya ke cewa, da "c" irin ta "ciki" da "g" irin ta "gida". Ana rubuta charyeot, kyeongnye, jireugi. Wasu takardun su rubuta makgi, wasu makki, wasu maki. Wasu keuman, wasu geuman, wasu kuman. Ɗalibi sai ya ɗauka kalmomi dabam dabam ne.

Ga abin mamaki: rubutun Hausa ya fi dacewa da wasu muryoyin. Muna da "c". Muna da "ky" kamar a "kyau". Baƙinmu "g" ba ya canja murya ko gaban wane wasali ya zo. Shi ya sa muka rubuta su a nan yadda kunnen Bahaushe ke ji. Ba daidai ba ne ɗari bisa ɗari, domin akwai wasulan Koriya da ba mu da su, kuma "p" ta "ap" bakinmu yakan maida ta "f". Duk da haka ya fi kusa da gaskiya.

Koriyawa da kansu sun san wannan ciwo. Shekaru aru aru da rubutun Sin su ke aiki, mai alamu dubbai, wanda sai ƴaƴan manya ke iya koya. A 1443 sarkinsu Sejong ya sa aka tsara baƙaƙe masu sauƙi, aka bayyana su ga jama'a a 1446, domin talaka ya rubuta abin da ke ransa da harshen uwarsa. A lokacin guda 28 ne, yau ana aiki da 24. Tun 1989 hukumar UNESCO ke da kyautar yaƙi da jahilci mai sunan wannan sarki. Mutanen da sarkinsu ya yi wannan aiki ba za su ji haushi ba don an bayyana wa yaro kalmominsu da harshen uwarsa.

Gyara na uku: tarihin da ba a cika faɗi ba

A saman jerin kalmomi akan sa ɗan tarihi, a ce wasan ya shekara dubu biyu. Gaskiya ne Koriya tana da wani tsohon wasan ƙafa mai suna tekkyon. Amma taikwando ɗan bayan yaƙin duniya na biyu ne. Japan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Yawancin waɗanda suka buɗe gidajen koyo na farko karate suka koya wajen Japanawa. Da fari suna kiran abin da su ke koyarwa "tangsudo" ko "kongsudo", watau sunan karate ne da lafazin Koriya. Sai a 1955 aka zaɓi sunan taikwando, kuma Janar Cwe Hong Hi ne aka fi dangantawa da shi.

Kalmomin da kansu shaidu ne. Ɗakin koyo "dojang", Japanawa su ce "dojo". Malami "sabom", su ce "shihan". Ihu "kihap", su ce "kiyai". Darajar baƙar ɗamara "dan" ce a wurin duka biyun. Tushensu ɗaya a rubutun Sin. Amma cagi, makki, jirugi da sogi Koriyanci ne tsantsa, na cikin gida. Mutanen da suka fito daga mulkin mallaka ne suka sa wa abin da suka gada sunaye da bakinsu, suka kuma sake shi, suka ba ƙafa muhimmancin da karate bai ba ta ba. Wannan labari ya fi na shekara dubu biyu amfani gare mu, mu da muka san mulkin mallaka. Ɓoye shi hasara ce.

Ba a kuma gaya wa ɗalibi cewa gida biyu ne. Janar Cwe ya kafa ƙungiyar ITF a 1966, ya bar Koriya ta Kudu ya koma Kanada a 1972. A wannan shekara aka buɗe babbar makarantar Kukkiwon a birnin Seul, a 1973 kuma aka kafa ƙungiyar duniya wadda tun 2017 a ke kira World Taekwondo. Ita ta kai wasan Olampik: gwaji a Seul a 1988, cikakkiyar gasa a Sidni a 2000. Kalmomin gidajen biyu sun sha bamban. Jerin motsin da mutum ke yi shi kaɗai, waɗannan su ce "pumse", waɗancan su ce "tul". Karawar mutum biyu, nan "kyorugi", can "matsogi". Ƙasa, tsakiya da sama, nan are, momtong, olgul, can najunde, kaunde, nopunde. Yaron da ya kwaso jeri daga intanet cikin wayar salula yana iya haɗa na gida biyu, ya faɗi jarrabawa bai san dalili ba.

To, a watsar da Koriyancin?

Wasu za su ce: tun da haka ne, a koyar da Hausa zalla, kamar kokowa. A kokowa kome namu ne, tun daga kirari har zuwa takobin da aka fara ja a Tawa a 1975. Amma wannan shawara ba ta karɓu ba. Ranar da Alfaga ya hau filin ƙarshe a Riyo, ɗan ƙasar Azarbaijan ne a gabansa. Da waɗannan ƴan kalmomi alƙali ya ba su umarni. Wanda aka hana shi su, an tsare shi a gida. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski: mun karɓi wasan mutane, sai mu riƙe sunayen da suka ba shi.

Abin da mu ke nema wajen malaman taikwando da masu buga takardu ba shi da tsada. A ƙara layi na uku, na Hausa, a inda a ke jin Zabarmanci ko Barbarci ko Fulatanci kuma a sa nasu. A rubuta lafazi da baƙaƙen da yaro ya iya karantawa. A fara da tubalan nan goma sha uku kafin dogayen sunaye. Kalmomin alƙali su riga kome, kuma kada a bar yaro ya kara da wani sai ya san "kalyo" da "kuman" kamar sunansa. A faɗa masa gidan da ya ke bi, a faɗa masa tarihi na gaskiya.

Ku kuma iyaye da kuka koyi karatu da girma, ga aikinku. In yaro ya zo gida, a miƙa masa alli da allo. Ya rubuta kalma, ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya nuna da jikinsa. In ya iya duka ukun, malaminsa ya yi aiki. In lafazi kaɗai ya iya, sai ku aika wa malamin gaisuwa, tare da wannan takarda.